Yadda buɗe asusun banki ke zame wa sababbin zuwa Birtaniya ƙarfen ƙafa

Ga ɗan Najeriyar da ya samu bizar karatu ko ta aiki a Birtaniya, ranar da ya sauka a filin jirgin sama na Heathrow ko na Manchester ita ce ranar da yake ganin ya tsallake siraɗi. Ya biya kuɗin biza da na inshorar lafiya, ya nuna shaidar cewa yana da abin da zai riƙe kansa, an kuma buga masa hatimin shiga.

Sai dai akwai wata ƙofa da ba a cika ba da labarinta ba kafin a bar gida, wato ƙofar banki. Mutum zai iya zuwa da kuɗinsa na halak da takardunsa na gaskiya, amma ya shafe makonni bai samu asusun da za a zuba masa albashi ba, ko wanda zai biya kuɗin haya da shi.

Lamarin ya shafi dubban mutane. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa akwai kimanin mutum 271,000 haifaffun Najeriya a Ingila da Wales, daga kimanin 191,000 a 2011. A zangon karatu na 2022 zuwa 2023, ɗaliban Najeriya a jami'o'in Birtaniya sun haura 70,000, abin da ya sa ƙasar ta zo ta uku bayan Indiya da China.

Kusan kowane ɗaya daga cikinsu sai da ya amsa tambayoyi uku a gaban banki: wane ne kai, a ina kake kwana, kuma daga ina kuɗinka suke? A kan tambaya ta biyu aka fi yin tuntuɓe. Ta uku kuwa ita ce wadda ke iya ɓata wa mutum suna na tsawon shekaru idan ya bi gajeriyar hanya.

Ƙasar da tsabar kuɗi ta rage daraja

A Kano ko Kaduna, mutum zai iya yin shekara yana harkokinsa da tsabar kuɗi da mai POS na bakin layi. A Birtaniya abin ba haka yake ba.

Tun a watan Yulin 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi. Alƙaluman ƙungiyar bankunan ƙasar, UK Finance, sun nuna cewa a 2023 kashi 12 cikin 100 ne kawai na biyan kuɗi aka yi da tsaba. Akwai shaguna da gidajen abinci da dama da ba sa karɓar komai sai kati ko waya.

Kamfanoni na biyan albashi ne ta asusu. Kuɗin wuta da gas da ruwa da layin waya kuma yawanci ana cire su ne kai tsaye daga asusun mutum duk wata, bisa umarnin da ya bai wa bankinsa. Abin da ake tambaya a ko'ina lambobi ne guda biyu: lambar asusu mai alƙaluma takwas, da lambar reshen banki mai alƙaluma shida. Wanda ba shi da su kamar bai gama sauka a ƙasar ba ne.

Katin bankin gida ma ba abin dogaro ba ne sosai. Bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje tsakanin 2022 da 2023 saboda ƙarancin dala, kuma ko da wasunsu suka dawo da shi a 2025, sun sa iyaka ga abin da za a iya kashewa.

Wanda ya zaɓi ya taho da kuɗi a aljihu kuma, doka ta wajabta masa ya bayyana wa jami'an kwastam idan sun kai fam 10,000 ko fiye. Ko ya bayyana, wata rana sai ya kai su banki, a nan ma za a tambaye shi asalinsu.

Banki na son adireshi, mai gida na son asusu

Manyan bankunan da ke da rassa a kan titi, irin su Barclays da HSBC da Lloyds da NatWest da Santander, kan nemi shaida iri biyu. Ta farko shaidar ko wane ne mutum, wadda fasfo da biza ke wadatarwa. Ta biyu shaidar wurin zama.

A Najeriya, takardar kuɗin wuta ta gidan da mutum yake ciki takan isa, ko da sunan mahaifinsa ko na mai gida ne a kai. A Birtaniya dole takardar ta zo da sunan mai neman asusun da adireshinsa, kuma yawanci ana so ta zama ba ta wuce wata uku ba. Abubuwan da aka fi karɓa su ne takardar kuɗin wuta ko gas ko ruwa, da takardar harajin ƙaramar hukuma, da wasiƙa daga hukumar haraji ta HMRC, wasu bankunan kuma su karɓi yarjejeniyar haya.

Nan ne sabon zuwa ke shiga tsaka mai wuya. Kafin ya samu takardar wuta da sunansa sai ya kama haya. Kafin dillalan gidaje su ba shi haya, sukan nemi ganin bayanan asusunsa na banki da shaidar albashi. Kafin a biya shi albashi kuma, sai ya kawo lambar asusu.

Abin ya fi tsanani ga wanda ya sauka a gidan ɗan uwa ko aboki, ko wanda ya kama ɗaki guda a gidan haɗaka da aka haɗa kuɗin wuta da ruwa cikin kuɗin haya. Irin wannan mutum zai iya yin wata shida a gida ɗaya babu takarda ko guda da ta zo da sunansa.

Ɗalibai na da ɗan sauƙi, domin jami'o'i na bayar da wasiƙa ta musamman zuwa ga banki, mai ɗauke da sunan ɗalibi da kwas ɗinsa da adireshinsa. Amma ba a cika bayar da ita ba sai an kammala rajista, alhali bizar ɗalibi na ba shi damar shiga ƙasar har wata guda kafin fara karatu. Waɗannan makonnin na farko, lokacin da ake buƙatar kuɗin kafin alƙalami na haya da kayan sanyi da abinci, su ne mafi tsauri. Watan Satumba kuma lokaci ne da ɗalibai daga ko'ina a duniya ke tururuwa zuwa rassan bankuna, don haka samun ranar ganawa da ma'aikaci kan ɗauki lokaci.

Ga ma'aikata, wasu bankunan na karɓar wasiƙar wurin aiki. Wata hanyar kuma ita ce neman lambar inshorar ƙasa da zarar an sauka. Ana neman ta kyauta ta intanet, tana iya ɗaukar mako huɗu, kuma wasiƙar da za ta zo da ita takardar gwamnati ce mai ɗauke da suna da adireshi.

Akwai kuma wata dama da ba kowa ya san da ita ba. 'Yan ƙasashen ƙungiyar Commonwealth da ke da izinin zama, ciki har da 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru, na da haƙƙin yin rajistar zaɓe a Birtaniya. Bankuna da kamfanonin tattara tarihin bashi, irin su Experian da Equifax da TransUnion, na amfani da rajistar masu zaɓe wajen tabbatar da inda mutum yake zaune. Ɗan Nijar ba shi da wannan damar, saboda ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar.

Me ya sa bankunan ke tsanantawa?

Mutane da dama kan ɗauka cewa ma'aikacin banki ne kawai ya ga dama ya wahalar da su. Gaskiyar ita ce akwai dokoki a bayansa, kuma idan ya yi sakaci bankinsa ne zai biya tara.

Dokar shige da fice ta 2014 ta haramta wa bankuna buɗe asusun yau da kullum ga wanda ba shi da izinin zama a ƙasar. Wata dokar ta 2016 ta ƙara da cewa su riƙa bincika asusun da suke da su, su gwada da jerin sunayen da ma'aikatar cikin gida ke bayarwa. An dakatar da wannan binciken a 2018 bayan badaƙalar Windrush, inda aka ɗauki mutanen da suka shafe shekaru suna zaune bisa ƙa'ida a matsayin baƙin haure, amma aka dawo da shi a 2023.

Hanyar nuna izinin zaman ma ta sauya. Katin shaidar zama da ake bai wa baƙi a da ya daina aiki, domin wa'adin mafi yawansu ya ƙare a ranar 31 ga Disamban 2024. Yanzu bizar tana kan intanet ne, mutum ya shiga shafin gwamnati ya ciro wata lambar tantancewa ya bai wa banki ko wurin aiki ko mai gida. Wanda ya sabunta fasfo bai sanar da shafin ba zai iya tarar da bayanansa ba su dace da juna ba.

Sai kuma dokokin yaƙi da halasta kuɗin haram na 2017, waɗanda suka tilasta wa banki sanin abokin hulɗarsa da asalin dukiyarsa. A nan ne sunan Najeriya ya shigo. A watan Fabrairun 2023, hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram a duniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido na musamman. Tun da Birtaniya na bin wannan jeri, duk wata hulɗar kuɗi da ta shafi Najeriya ta shiga sahun waɗanda ake yi wa ƙarin bincike.

An cire Najeriya daga jerin a watan Oktoban 2025, tare da Afirka ta Kudu da Mozambique da Burkina Faso. Wannan ci gaba ne, amma kowane banki na da nasa ma'aunin haɗari, kuma doka ba ta tilasta masa sassautawa rana ɗaya ba.

Akwai rukunin da binciken ya fi shafa, wato masu riƙe da manyan muƙaman gwamnati da iyalansu. Ɗan minista ko ɗan gwamna ko matar babban alƙali da ta je karatu za ta iya tarar da ana neman ta kawo bayanin inda kuɗin makarantarta suka fito. Ba laifi ake zargin ta da shi ba, doka ce ta ce a yi wa irin wannan asusu kallo na biyu.

Haka nan za a tambayi mutum ƙasar da yake biyan haraji da lambarsa ta haraji, saboda yarjejeniyar musayar bayanan asusu tsakanin ƙasashe, wadda Birtaniya da Najeriya duk suna ciki.

Muhammad ne ko Mohammed?

Wata matsala da ta fi damun 'yan Arewa ita ce ta suna. Mutum ɗaya zai iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar shiga jami'a, Muh'd a takardar sakandare. Wani kuma sunan garinsu ne a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan mahaifi. Mace kan zo da sunan mahaifinta a fasfo, amma an rubuta yarjejeniyar haya da sunan mijinta.

A gida ana gane cewa mutum ɗaya ne, a wuce wurin. A Birtaniya kwamfuta ce ke fara duba takardun kafin wani ɗan Adam ya gan su, ita kuma ba ta san cewa Abubakar Sadiq da Sadiq Abubakar za su iya zama mutum guda ba. Harafi ɗaya ya isa ya sa a mayar da buƙata.

Mafita ita ce mutum ya riƙe abin da ke cikin fasfonsa a matsayin sunansa a ko'ina, da irin rubutun da jerin da ranar haihuwar, tun daga takardar neman jami'a har zuwa yarjejeniyar haya da layin waya. Gyara tun a gida ya fi sauƙi da araha a kan gyara a can.

Bankunan cikin waya

Zuwan bankunan da ba su da reshe ya sauƙaƙa wa baƙi sosai. Monzo da Starling, alal misali, na buɗe asusu ta manhajar waya. Mutum zai ɗauki hoton fasfonsa da ɗan gajeren bidiyon fuskarsa, ya rubuta adireshin da za a aiko masa da kati. Wasu kan samu asusu cikin kwana ɗaya ko biyu. Da yawan sababbin zuwa da nan suke farawa, daga baya su yi amfani da bayanan wannan asusu a matsayin shaida wajen buɗe na biyu a babban banki.

Sai dai sauƙin ya ragu, kuma akwai dalili. A watan Oktoban 2024, hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ta ci tarar Starling kusan fam miliyan 29 saboda rauni wajen tantance abokan hulɗa. A watan Yulin 2025 ta ci tarar Monzo fam miliyan 21, inda ta bayyana cewa an taɓa buɗe asusu da adireshin fadar Buckingham da na gidan firaminista mai lamba 10 a titin Downing. Bayan irin wannan tara, babu bankin da zai ci gaba da karɓar adireshi ido rufe.

Wani bambanci da ya kamata a sani shi ne ba kowace manhajar kuɗi ce banki ba. Kuɗin da ke asusun banki mai cikakken lasisi na ƙarƙashin kariyar tsarin FSCS, wanda ke biyan mai ajiya idan bankin ya durƙushe. Iyakar kariyar ta kasance fam 85,000 ga kowane mutum a kowane banki, kafin a ɗaga ta zuwa fam 120,000 daga 1 ga Disamban 2025. Kamfanonin kuɗin intanet irin su Wise kuwa, doka ta ce su ware kuɗin jama'a daban da nasu, amma ajiyar ba ta cikin wannan kariya. Suna da amfani wajen canji da aikawa, amma wanda zai ajiye kuɗin makarantar shekara guda ya kamata ya san inda ya ajiye.

Wasu kan yi zaton cewa tun da suna da asusu a Zenith ko Access ko FirstBank ko GTBank a gida, rassansu na Landan za su karɓe su kai tsaye. Waɗannan kamfanoni ne masu zaman kansu a ƙarƙashin dokar Birtaniya, kuma sun fi mayar da hankali kan 'yan kasuwa da kamfanoni da masu manyan ajiya. Asusun Kano ba ya zama asusun Landan.

Asusun da doka ta tanada, da batun riba

Wanda babban banki ya ƙi buɗe wa asusun yau da kullum saboda ba shi da tarihin bashi a ƙasar, ba shi ke nan ba. Dokar 2015 ta wajabta wa manyan bankuna tara, ciki har da Barclays da HSBC da Lloyds da NatWest da Santander da Nationwide, su samar da asusu mai sauƙi, marar caji, ga wanda ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida kuma bai cancanci asusun da aka saba ba.

Wannan asusu na karɓar albashi, yana da katin cire kuɗi, ana kuma biyan kuɗin wuta da haya da shi. Abin da ba ya yi shi ne barin mutum ya kashe fiye da abin da yake da shi. Bankuna ba sa cika tallata shi, don haka sau da yawa sai mutum ya ambace shi da bakinsa. Shi ma dai sai an nuna shaidar suna da ta wurin zama.

Ga Musulmi mai gudun riba, wannan rashin damar cin bashi alheri ne, domin a nan ne bankuna ke ɗora ruwa mai yawa. Da yawan asusun yau da kullum ba sa biyan ruwa a kan abin da aka ajiye, kuma mutum na da damar cewa ba ya son a haɗa masa da damar cin bashi. Akwai kuma bankunan Musulunci masu lasisi, irin su Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain, da Gatehouse. Sun fi ƙarfi a ɓangaren ajiya da sayen gida, don haka mutane da dama kan haɗa biyu: asusun albashi a bankin gama-gari, ajiya kuma a bankin Musulunci.

Taimakon da ke jefa mutum rami

Samun asusu rabin aiki ne. Riƙe shi shi ne sauran rabin, kuma a nan ne al'adar taimakon juna ke cin karo da dokar ƙasar.

Sabon zuwa da bai samu asusu ba kan roƙi aboki a zuba albashinsa a nasa. Wani kan ari adireshin ɗan uwa da ba a can yake kwana ba. Wani kuma a ce masa za a turo fam dubu biyu asusunsa, ya tura wa wani, ya riƙe fam hamsin na wahalarsa. A gida duk wannan zumunci ne. A wurin banki kuwa, kowanne alama ce ta haɗari.

Mafi yaɗuwa shi ne canjin hannu da hannu. Tun bayan da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ɗaliban da suka yi lissafin kuɗin makaranta da tsohon farashi sun wayi gari abin da ke hannunsu bai kai rabi ba. A watan Mayun 2024, labarin wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka umarta su bar ƙasar saboda sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci ya karaɗe kafafen yaɗa labarai.

A irin wannan matsi, duk wanda ya zo da farashi mai sauƙi a zauren WhatsApp zai samu kasuwa. Tsarin shi ne iyaye su tura naira wani asusu a Najeriya, wani mutum da ɗalibin bai taɓa gani ba ya turo masa fam a Birtaniya. Matsalar ita ce ɗalibin bai san asalin fam ɗin ba. Idan kuɗin wata tsohuwa ce da aka damfara a Leeds, ranar da ta kai ƙara, asusun da za a fara bi shi ne wanda kuɗin suka sauka a ciki.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Dokar 2002 kan dukiyar da aka samu ta hanyar laifi ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga mai halasta kuɗin haram. Ko ba a je kotu ba, banki zai iya shigar da sunan mutum cikin rumbun bayanan Cifas, wanda bankuna da kamfanoni da dama ke dubawa, kuma alamar kan zauna har shekara shida. Mai ɗauke da ita zai sha wahalar buɗe asusu a wani banki ko samun layin waya na wata-wata ko bashin gida, har ma da wasu ayyukan. Ga baƙon da zamansa ya dogara da biza, hukuncin kotu na iya shafar sabunta ta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Adashe ma na iya jawo tambaya, duk da cewa ba laifi ba ne. Idan mutum goma suka riƙa turo kuɗi asusu ɗaya duk wata, sannan a kwashe su gaba ɗaya zuwa wani, kwamfutar banki za ta iya ɗaukar hakan a matsayin abin tuhuma. Uwar adashe da ke da rubutaccen jerin 'yan adashe da ranar kwasar kowa ta fi samun sauƙin yin bayani.

Ma'aurata kuma su sani cewa asusun haɗin gwiwa na ɗaure tarihin bashinsu wuri ɗaya, matsalar ɗaya ta shafi ɗayan.

Idan aka wayi gari an rufe asusu

Abin da ya fi ƙona rai shi ne banki ba ya cika faɗin dalili. Idan yana zargin kuɗi, yakan aika rahoto ga hukumar yaƙi da manyan laifuka ta NCA, doka kuma ta hana shi sanar da mai asusun. Hukumar na da kwana bakwai na aiki ta amsa, idan ta ƙi amincewa a saki kuɗin sai a ƙara kwana 31, kotu kuma na iya tsawaitawa. Duk wannan lokacin albashi na ciki, mai gida na jiran haya.

Shi ya sa masu ba baƙi shawara ke jaddada riƙe asusu biyu a bankuna daban-daban, da adana shaidar duk wani babban kuɗi da ya shigo: rasiɗin kamfanin da aka yi aike ta hannunsa, da takardar sayar da fili ko mota, da takardar albashin wanda ya turo.

Mai asusu na da haƙƙoƙi. Zai iya shigar da ƙorafi a rubuce, bankin kuma na da mako takwas a mafi yawan lokuta ya ba da amsa ta ƙarshe. Idan bai gamsu ba, yana da wata shida ya kai batun ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi, wato Financial Ombudsman Service, wanda ba ya karɓar ko kwabo. Zai kuma iya neman Cifas ta nuna masa abin da aka rubuta a kansa kyauta, ya ƙalubalanci alamar idan babu hujja.

Batun rufe asusu ya zama na siyasa a 2023, lokacin da bankin Coutts ya rufe asusun ɗan siyasa Nigel Farage, rikicin da ya kai ga murabus ɗin shugabar NatWest, Alison Rose. Daga nan gwamnati ta ɗauki matakin tsawaita wa'adin sanarwa kafin rufe asusu daga wata biyu zuwa kwana 90, tare da tilasta wa banki yin bayani. Amma wannan sassauci bai shafi inda ake zargin aikata laifi ba.

Asusun da aka baro a gida

Yayin da ake fafutukar buɗe sabo, tsohon asusun gida ma na buƙatar kulawa. A ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, asusun da ya shekara ba a taɓa shi ba ana ɗaukar sa a matsayin wanda ya yi barci, kuma farfaɗo da shi daga nesa aiki ne. Layin wayar da ke karɓar lambar sirri ma, idan aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfani na iya sayar wa wani, abin da ke buɗe ƙofar sata.

A 2025 Babban Bankin ya fito da wasu tsare-tsare don 'yan ƙasar mazauna waje. A watan Janairu ya sanar da asusu iri biyu, ɗaya na ajiyar abin da suka samu a waje, ɗaya na zuba jari a gida. A watan Mayu kuma ya ƙaddamar da hanyar samun lambar BVN ta intanet ba tare da an zo Najeriya ba. Dalilin a fili yake: kuɗin da mazauna waje ke aikowa gida na kai wa kimanin dala biliyan 20 a shekara, kuma gwamnati na so su riƙa bi ta hanyar banki.

Bin hanyar da hukuma ta sani na iya zama da ɗan tsada a kan farashin zauren WhatsApp. Bambancin shi ne tana barin rasiɗi, kuma a Birtaniya rasiɗi ne ke magana a madadin mutum ranar da aka tambaye shi.

Mai shirin tafiya zai rage wa kansa wahala idan ya daidaita sunansa a duk takardunsa tun yana gida, ya tanadi abin da zai riƙe shi na makonnin farko, ya kuma nemi takarda ta farko mai ɗauke da sunansa da adireshinsa a makon da ya sauka. Iyaye da 'yan uwa masu turo kuɗi su ma suna da rawar takawa, domin hanyar da suka zaɓa a Kano ko Abuja ita ce za ta bayyana a asusun ɗansu a can. Jinkirin mako uku kafin a samu asusu abu ne da ake mantawa da shi. Alamar shekara shida kuwa takan wuce tsawon karatun da aka je yi.